Rungumar Maƙwabci

Daga Rotenbach, mako na biyu na azumi

Zuwa ga ɗana Endres, a Falkenau,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka Barbel, wadda har yau ban san kamanninta ba sai a bakin fatake. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwata ta hagu, wadda ta yi murabus tun kafin Kirsimeti ba ta ko sanar da ni ba. Gwaggonka Walpurg tana gaishe ka. Tana nan yadda ka bar ta. Kullum kabeji da kifin gishiri, wai azumi ake yi, alhali ko ba azumi da su take kiwona.

Wasiƙarka ta iso ranar Asabar a hannun mai gishiri. Layi shida, bayan shirun shekara biyu. Sau uku na karanta ta, ba don daɗinta ba, ka dai san ubanka da karatu. Ina da shekara talatin limamin coci ya fara nuna mini baƙaƙe, ya rasu kuma ba mu kai ƙarshe ba. Wannan ma da hannuna na rubuta. In ka ga kamar doki ne ya taka tawada ya bi ta kan takarda, ka yi haƙuri.

Ka ce ranar Talata bayan bikin Ista za ku shiga fili a kan dawaki kai da abokinka Veit, kuma maigidanku ya ba ka aron littafin nan nawa don ka yi shiri. Madalla. Ashe manyan Falkenau ma suna wasan mashi na bayan azumi. Na san yadda abin yake: a daddatse tsinin mashi, mata su leƙo ta taga, wanda ya ci a ba shi cinyar alade, wanda ya faɗi a ba shi dariya. Ni na fi samun dariyar. Shawarata ɗaya ce, in za ka faɗi ka zare ƙafa daga likkafa tukuna, kuma ka faɗi ta ɓangaren da matarka ba ta kallo.

Na ji daɗi da littafin yana nan. Ka tuna mai zanen nan na garin Ulm da ya share bazara guda a tsakar gidanmu yana zana ni a kan doki? Ya ba ni ƙafafu biyu miƙaƙƙu da haƙora cikakku, Allah ya saka masa. Kai ka goya littafin a bayanka ranar da ka tafi, kana ɗan shekara goma sha tara, ka kai wa maigidanku kyauta, shi ya sama maka gurbi a cikin mahayansa. Maganar da muka yi a bakin ƙofa ran nan, ni na manta da ita, sai dai in na tuna.

A layinka na ƙarshe ka tambaye ni ko akwai abin da zan ƙara maka a kan abin da ke cikin littafin. Akwai mana. Littafi takarda ne, malami kuwa yana nan Rotenbach yana cin kabeji. Tafiyar kwana goma ce kawai. In an gama wasa ka ɗauko matarka ku zo, mu zauna da kofin giya, in gaya maka da bakina. A takarda ba na ƙari.

Ka gaishe da Veit, ka ce kada ya ɓata maka hanci, irin namu ne, da ƙyar aka same shi.

Mahaifinka,
Kunz, malamin yaƙin doki, wanda doki ya daina yarda da shi

*

Daga Falkenau, mako na huɗu na azumi

Zuwa ga mahaifina,

Baba, ina gaishe ka, ina gaishe da Gwaggo. Allah ya ba gwiwa sauƙi. Ni da Barbel lafiyarmu ƙalau. Na karanta mata wasiƙarka, ta yi ta dariya har muka kai tsakiya, daga nan ta tashi ta fita.

Laifina ne, na taƙaita magana don kada hankalinka ya tashi. Ba wasa za mu yi ba. Shari'ar takobi ce.

Bayan Kirsimeti maigida ya aike mu, ni da Veit, mu raka ƙanensa wani gari. A mashigar kogi 'yan fashi suka faɗo mana, ana tsuga ruwa, ba ka ganin kan dokinka. Dawaki suka firgita. Abin da na sani, na ci ƙarfin nawa na juyo da shi, na tarar da ƙanen maigida a ƙasa rai ya yi halinsa, ba Veit a wurin. Shi kuma Veit ya rantse a gaban alƙalai cewa shi ne ya tsaya, ni na gudu, sai da ya bi ɓarayin cikin daji na dawo. Babu shaida. Alƙalai suka ce a bar wa Allah hukunci. Sun ba mu mako shida da kwana uku mu shirya, sannan mu shiga shinge da sulke, da mashi mai tsini, da takobi. Ka fi ni sanin sauran. Wanda ya faɗi shi ne ya gudu. In ya mutu ba a binne shi a harabar coci, in ya miƙa wuya hauni yana jira.

Na san Veit, Baba. Shekara bakwai muna cin burodi ɗaya. Ba maƙaryaci ba ne. Abin da ya gani cikin ruwan nan ya faɗa, ni ma haka.

An hana mu duka fita gari, don haka ba zan iya zuwa shan giyar ba. Veit yana gwaji a bayan gidan niƙa, ni a barga. Ya fi ni nauyi, ya fi ni iya mashi, wannan ba gardama. Dabarata ita ce in tsira daga mashin, in matso shi gwiwa da gwiwa, in yi masa abin da ke shafi na goma sha huɗu, wanda ka sa wa suna rungumar maƙwabci: a saƙalo wuyan mutum da hannun dama, a zaburi doki, a tumɓuke shi daga sirdi. Na fi shi tsawon hannu. Wani tsohon soja yana hawa ya zauna mini, ina yi sau hamsin kowace safiya tun ranar da aka yanke magana. Yanzu hannun da kansa yake tashi, ba sai na umarce shi ba. Veit ma ya san shafin, tare muka saba buɗe littafin, yana kuma sonsa, amma bai kai ni nacinsa ba.

To na sake tambaya, yanzu da ka san abin da ake ciki. In akwai ƙari, ka daure ka sa a takarda.

Ɗanka,
Endres

*

Daga Rotenbach, mako na biyar na azumi

Endres,

Gaisuwar yau gajera ce. Muna lafiya. Ka bar shafi na goma sha huɗu. Yau za ka bar shi, ba gobe ba. Ƙarya ce a ciki, ni na sa ta.

Ka zauna ka karanta a hankali, don rubutuna da can ma ba kyau gare shi ba.

Kowane malamin takobi da ya taɓa sa aka yi masa littafi yana ɓata shafi ɗaya ko biyu da gangan. Malamina haka ya yi, nasa malamin ma haka. Dalilin shi ne, littafi yana shiga hannun kowa. In an rubuta komai daidai, kowane mahauci sai ya saya ya zama gwani, malami ya koma kiwon agwagi. Sai a cire gaɓa ɗaya, a bar ta a bakin malami, ɗalibin da ya zauna ya yi haƙuri shi ake nuna wa a rana ta ƙarshe. Ba ma kiran abin ƙarya. Kulle muke ce masa.

Ga kullen nawa. A zanen, hannun hagu yana riƙe da linzami, na dama ya tashi sama zai saƙalo wuya. Duba hammatar mutumin da ke zanen. A buɗe take kamar ƙofar coci ranar Lahadi. Nan ne ƙarfe ba ya rufewa, sai 'yar sarƙar sulke, tsinin takobi kuwa ba ya ganin girmanta. Tsohon sojanka bai nuna maka ba saboda abokin gwaji zama yake yi yadda aka zana shi, takobi a baya, yana jiran a rungume shi. Wanda yake tsoron mutuwa ba ya zama haka. Gaskiyar abin ita ce, kafin gwiwa ta haɗu da gwiwa sai ka saki linzami, ka ƙetara da hannun hagu ka cafke wuyan hannunsa mai takobi, ka danne shi a kan goshin sirdinsa. Sai ya dannu sannan hannun dama yake tashi. Hagu tukuna, dama daga baya. Shi ke nan abin da na ɓoye.

Amma kada ka ce za ka koyi na gaskiyar a 'yan kwanakin da suka rage. Ba zai zauna ba. Ka bar rungumar gaba ɗaya. Ka matse burodi a hammatar dama duk lokacin da ka hau doki, in ya faɗi ka sake daga farko. Hannu jaki ne, abin da ya saba shi yake yi, sai ka ɗaure shi.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci. Ka ce Veit yana son shafin. To ka bar shi da sonsa. Ka matso shi, ka sassauta kafaɗa kamar ka gaji, ka riƙe takobi ƙasa-ƙasa tsini yana kallon sama. Zai ɗaga hannu. Ba sai ka yi komai ba, dokinsa zai kawo maka shi. Kada ka gaya wa kowa wannan, ko limami, ko Barbel. Na san abokinka ne. Ni ba ɗana ba ne.

Za ka ce me ya hana ni gaya maka tuntuni. Ranar da ka tafi maganar tana kan harshena. Sai ka ce mini a bakin ƙofa wai zamanina ya wuce, abin da ya rage mini ba wa mashaya dariya. Gaskiya ka faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Na ce a raina, bari ya tafi, akwai abin da zai dawo nema. Na riƙe gaɓar nan kamar yadda ake riƙe igiyar ɗan maraƙi, ina jiran ka ja in ji. Shekara ta zagayo na ce baɗi. Da ka aiko da layi shida kana tambaya, na mayar maka da cinyar alade. Kwana ashirin na cinye maka da wannan raha, kana can kana koya wa hannunka hanyar kabari sau hamsin kowace safiya.

Na yi niyyar kawo maganar da kaina. Jiya na ɗaura wa tsohuwar goɗiyarmu sirdi, na kai bakin kogi, na tarar narkewar ƙanƙara ta tafi da gada. Gwiwar kuma ta kumbura ta cika wando, na kasa sauka. Maza uku suka sauke ni, gwaggonka ta dawo da ni gida a amalanken kabeji, gari yana kallo. Malamin yaƙin doki ke nan. Wani ɗan aiken coci zai haye da kwalekwale gobe, ya yi mini alkawarin ba zai kwana biyu a gari ɗaya ba. Na sumbaci hannunsa, ni da ban taɓa sumbatar na limami ba.

Ka zage ni in ka ga dama, amma ka matse burodin.

Mahaifinka

*

Daga Falkenau, Juma'a kafin Ista

Baba,

Ina gaishe ku duka. Muna lafiya. Na so in ga amalanken nan.

Wasiƙarka ta iso jiya da hantsi. Na yi fushi na yini ɗaya. Yau ya wuce, ba ni da kwanakin da zan ba shi.

Akwai abin da na yi wanda ba za ka so ba, gara ka ji daga bakina. Yau da aka tashi daga coci na tsayar da Veit a bakin rijiya, masu tsaronmu suna kallo daga nesa, na karanta masa wasiƙarka daga maganar kulle har zuwa hagu tukuna, dama daga baya. Abin da ya biyo baya ban karanta masa ba, amma ba wawa ba ne, ya san abin da uba zai ce. Sai ya ce, "Da ni na samu takardar nan, Endres, ban sani ba ko zan zo." Na ce masa ni ma sai da na kwana ban sani ba.

Ka ji dalilina. Ranar Talata, kafin mu hau, kowannenmu zai ɗora hannu a kan Linjila ya rantse ba ya ɗauke da laya, ko ganye, ko wani ɓoyayyen abu. Wannan ba laya ba ce, na sani, alƙali ba zai kama ni ba. Amma in na kashe shi ta wannan shafi, gari zai ce Allah ya wanke ni, ni kuwa na san kullenka ne ya wanke ni. Baba, tun Kirsimeti nake tambayar kaina tsawon lokacin da dokina ya yi yana gudu kafin in juyo da shi. A ganina ɗan kaɗan ne. Ina so in ji amsar daga wurin da ba a yi mata dabara ba.

Ina matse burodin. Barbel ta ce na lalata mata guda uku, kuma ba mai cin na hammata. Jiya sau tara ya faɗi. Yau sau biyu kawai. Saura kwana uku, ɗaya kuma Ista ce, ba a hawa.

An gama kafa shingen a kasuwa. Kafinta ya kawo makara biyu, ɗaya a kowane gefe, kamar yadda aka saba. Barbel ta ce tawa ta yi mini gajarta, don haka ba tawa ba ce.

Maganar bakin ƙofa, ban faɗe ta don na yarda da ita ba. Na rasa abin da zan ce ne don in iya tafiya. In Allah ya fid da ni, kafin girbi za mu zo, ka nuna mini hagun nan da hannunka.

Ɗanka,
Endres

*

Daga Rotenbach, kwana tara bayan Ista

Ɗana,

Muna lafiya, in wannan ce lafiya. Wasiƙarka ta Juma'a yau ta iso. Na ƙirga a yatsu, na sake ƙirgawa, Talatar nan ta wuce da mako guda. Wato ina zaune ina karanta yadda burodi ya faɗi sau biyu, abin da zai faru kuwa ya riga ya faru, kowa a Falkenau ya sani har karnuka, ni kaɗai ne ban sani ba.

Na so in zage ka. Na ɗauki alƙalami don haka. Wane irin mutum ne ake ba shi ransa a takarda ya je bakin rijiya ya raba da wani? Gwaggonka ta ce irin uwarka ne, ita ma in mai awo ya yi kuskure ya ƙara mata wake sai ta mayar. Ni ban san inda kuka samo wannan hali ba. A wurina dai ba ku gan shi ba.

Ranar Talatar na je coci tun da safe, limami ya ɗauka mutuwa zan yi. Na yi wa Allah bayani dalla-dalla a kan wanda ya ɓata shafin, ko da ya manta.

Kullum ina bakin hanya a kan kututture. Duk mai doki da ya ɓullo sai in ga kamar zamanka ne a sirdi. Jiya har na ɗaga wa wani mai sayar da tukwane hannu.

Ka rubuto ko layi ɗaya ne. Ba zan ƙara yi wa gajeriyar wasiƙa ba'a ba.

Mahaifinka

*

Daga Falkenau, mako na huɗu bayan Ista

Zuwa ga Baba Kunz,

Ina gaishe ku da girmamawa, ina gaishe da Gwaggo. Ni ce Barbel. Ku gafarce ni da jinkiri, na fara wannan takarda sau da yawa.

Baba, sai haƙuri. Ɗanku ya rasu ranar Talatar, a cikin shinge.

Na san za ku so ku ji yadda aka yi, ku masu sana'ar ne. Ina tsaye kusa da makararsa, na ga komai. Mai shela ya hana kowa magana ko tari. A karo na farko suka wuce juna. A na biyu mashin kowa ya karye, Veit ya same shi a kafaɗa amma bai faɗi ba. Suka zare takubba. A nan ɗanku ne a sama, duk wanda ke wurin zai gaya muku. Ya tsinke wa Veit linzami ɗaya, dokin ya riƙa juyawa, ya matso shi har gwiwa ta taɓa gwiwa. Tun da aka fara hannunsa na dama yana manne da haƙarƙarinsa. Sai wuyan Veit ya zo masa daidai, kusa ƙwarai, sai na ga hannun ya tashi. Na ga lokacin da ya gane, don ya fara dawo da shi. Bai kai ba.

Bai miƙa wuya ba, hauni bai taɓa shi ba. Da aka cire masa kwalkwali yana numfashi, limami ya samu ya yi masa addu'a. A nan ya cika.

Alƙalai sun ce Allah ya nuna wanda ya gudu. An hana shi harabar coci. Yana bayan ganuwa, gefen hanyar da ta nufi wajenku. Masu haƙa kabari sun ƙi, Veit ne ya haƙa, da rauni a cinyarsa. Ya roƙe ni in gaya muku bai san lokacin da ya miƙa takobin ba, ya ce ya ga wurin a buɗe ne kawai, kuma da ba a karanta masa takardar ba da bai san ya duba nan ba. Na dai isar.

Wasiƙarku ta ƙarshe ta zo. Na je na karanta masa ita a can, har wurin mai tukwane.

Maigida ya karɓi littafinsa. An ce in bar ɗakinmu kafin ƙarshen wata, matar wanda ya faɗi ba ta zama a gidan mahaya. Iyayena sun rasu, ina neman inda zan yi wanki. Ba roƙo nake yi ba, don ku san inda takarda za ta same ni ne.

Ban riƙe ku a zuciya ba. Shi ma bai riƙe ku ba. Ranar Ista ya yi ta ba ni labarinku, muna ta dariya.

'Yarku,
Barbel

*

Daga Rotenbach

'Yata Barbel,

Ina gaishe ki. Ya haƙuri? Allah ya ji ƙansa, ya ba ki dangana. Gwaggo tana gaishe ki, ta kwana biyu ba ta dafa komai ba, abin da na shekara ashirin ina roƙo.

Na gode da kika faɗa mini yadda aka yi, ba ki rage ba. Sabon mako biyar da sabon kwana huɗu ba ɗaya ba ne, na san haka tun ina rubuta maganar burodi. Ki gaya wa Veit na ji saƙonsa. Ba na tsine masa. Hannunsa ya yi abin da aka gaya masa, na ɗana ya yi abin da aka koya masa, bakin mutum ɗaya ne kuma ya yi duka biyun. Abin da alƙalai suka ce, su ta shafa. Wanda ya je bakin rijiya da takardar nan bai gudu daga mashigar kogi ba. In kuwa Allah ya ga wani abu dabam cikin ruwan saman, zan tambaye shi da kaina, ba da daɗewa ba.

Ranar Lahadi da aka fito coci na sa aka ɗora ni a kan goɗiya a dandali, na kira duk wanda ya taɓa riƙe takobi a garin nan, da wanda bai taɓa ba. Mahauta, da maƙera, da matan da suka zo ɗiban ruwa. Na sa maƙerinmu ya hau alfadari ya zo mini ta dama, na nuna musu. Hagu tukuna, dama daga baya. Wani tsohon abokin sana'a ya ce na tona asirin malamai, na ce ya kai ni ƙara. Na ɗauka abin zai ɗauki lokaci, 'yata. Ko addu'ar cin abinci ta fi shi tsawo. Mutane suka tsaya suna jiran sauran, na ce musu babu saura.

Na aika wa maigidansu takarda a yage shafin. Ko ya yage ko bai yage ba, ban sani ba.

Maganar wanki ki bar ta. An gyara gada. Mai gishiri zai tashi ranar Litinin, ya yarda ya ɗora ni a kan buhuna, na riga na saba da amalanke. Zan zo in ga wurin, in kin yarda mu dawo tare. Gidan ba wani gida ba ne, rufin yana yoyo ta gefe ɗaya, tsofaffi biyu ne a ciki masu faɗa da juna, amma ɗakinsa yana nan ba wanda ya shiga. In ba ki so, ba komai, ki dai raka ni bayan ganuwar, don ba zan gane wurin ni kaɗai ba.

Abu ɗaya nake roƙo ki tanadar mini kafin in iso. Shekara bakwai rabona da shi, yaro ne ya fita daga ƙofar nan. Duk dokin da na hango a hanya, fuskar ɗan shekara goma sha tara nake sa wa mahayin. Ki zauna ki gaya mini yadda ya zama. Ko ya yi jiki, ko muryarsa ta canza. Ko ya tara gemu.

Mahaifinki,
Kunz